Wankin fim a zafin Jidda: nazarin wani ɗakin duhu daga 2022 zuwa 2024

## Asali: gwangwanin da ya fito daga Sabil

Mutumin da wannan nazari ya shafa Bahaushe ne haifaffen Jidda, ɗan shekara talatin da 'yan kai, ma'aikacin wani kamfanin jigilar kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Kakansa ya baro ƙasar Kano da ƙafa, ya ratsa Borno da Chadi, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guzuri, sannan ya ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin, hanyar da dubban alhazanmu suka bi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare. Mahaifinsa mai hoto ne. Ba shi da shago, yawo yake da kyamara a wuya, ya ɗauki suna da biki da alhazan da ke son shaidar sun zo, ya kai wa masu wanki su fitar. Ya rasu tun mutumin namu yana firamare.

A ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda masu cunkoso, aikin ya ci gaba cikin 2022, ya haɗa da Sabil da Kandara da Karantina da Gulel, inda Hausawa suka daɗe da zama. Gidansu yana Sabil. Ranar kwasar kaya mahaifiyarsa ta zaro wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado ta miƙa masa, tare da kyamarar marigayin, Yashica Mat-124G, irin mai ido biyu da ake leƙawa ta sama. A cikin gwangwanin akwai nagetif 430, wato wankakken fim da ake buga hoto daga gare shi, kowanne santimita 6 tsawo, 6 faɗi. Da ya buɗe murfin, wani wari mai tsami kamar na binega ya bugi hancinsa. Bai san ma'anar warin ba, ya mayar da murfin ya rufe.

Buri biyu ya ɗaura: ya koyi wanke fim da hannunsa don ya ɗauki Jidda da kyamarar ubansa, ya kuma buga tsofaffin nagetif ɗin a takarda. Ni ɗan uwansa ne, na girme shi da shekara shida, kuma yawancin dararen da za a ambata a nan ni nake riƙe masa agogo.

## Disamba 2022 zuwa Maris 2023: an fara da ƙafar dama

A sabon gidan da suka kama akwai ɗakin ajiya ƙarami, ba taga, ba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Nan ya kafa. Ya sayi tankin wanki na Paterson mai faifan roba, da baƙar jakar da ake zura hannu a ciki a naɗa fim ba tare da haske ya taɓa shi ba, da ma'aunin zafi guda ɗaya. Fim ɗin na kamfanin Ilford ne, HP5 Plus mai lamba 120, wanda a Yashica yake ba da hoto 12.

Fim baƙi-da-fari leda ce da aka shafa wa jelatin, irin danƙon da ake dafawa daga fata da ƙashi, a cikinsa kuma akwai gishirin azurfa mai jin haske. Ruwa huɗu yake bi. Na farko dibelofa, shi ke mayar da inda haske ya taɓa baƙar azurfa. Na biyu ruwa mai tsami da ke tsayar da aikin dibelofa. Na uku fiksa, mai narkar da gishirin da haske bai taɓa ba don kada hoton ya yi baƙi idan an fito da shi. Na huɗu ɗauraya, don a fitar da fiksar, domin idan ta saura a jikin fim za ta ci hoton a hankali.

Dibelofarsa ID-11 ce, gari ce da ake kaɗawa da ruwa a ajiye a kwalba. Yana haɗa rabi magani rabi ruwa, mililita 500, ya bar fim minti 13 a digiri 20, daidai yadda takardar Ilford ta rubuta. Yakan saka kwalbar a firji har ma'auni ya nuna 20, ya zuba. Sauran ruwan uku kuwa daga famfo suke fitowa, ba ya auna su.

Fim tara ya wanke a waɗannan watanni, tara suka fito lafiya. Akwai rawashin, tagogin katako masu sassaƙa na Balad, tsohon garin Jidda, da ƙofar tsohon gidan da ake kira Bait Nasif, da masu sayar da kifi da sassafe. Sai ya ɗauka ya gama koyo. Gwangwanin alewa yana kan kanta a wannan ɗaki, a rufe, yana jiran ranar da za a samu injin buga hoto.

## Mayu da Yuni 2023: matsala ta ɓullo

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ya ajiye aikin har bayan ƙaramar sallah. Da ya dawo a tsakiyar Mayu, fim na farko ya fito da duhu sosai. Idan ka ɗaga shi a haske, bangon gidaje da sararin sama sun zama baƙi ƙirin, ba ka ganin komai ta cikinsu, wanda ke nufin a takarda za su fito fari fat ba zane. Tsakin azurfar ma ya yi girma, fuskar mutum kamar an watsa mata yashi.

Na biyu ya zo da wannan, ya ƙara da wasu tabo masu kama da jinjirin wata. Ya shafe kusan minti ashirin hannunsa a cikin baƙar jaka, fim ya ƙi shiga faifan, yana cijewa yana lanƙwashewa, shi kuma yana tura shi da ƙarfi. Da ya zaro hannun gumi na ɗiga daga gwiwarsa.

Bayan babbar sallah, wadda ta kama 28 ga Yuni, sai abin ya juya: fim biyu a jere suka fito fayau, kamar ba a wanke su ba. Wannan shi ya ruɗe mu. Ciwo ɗaya ba ya ba da alama biyu masu karo da juna, haka muke gani.

## Yuli 2023: abin da aka gwada bai yi ba

Kyamara ya fara zargi, tunda ta haura shekara talatin. Ya kai ta wurin mai gyara, aka goge ta aka duba saurin ƙiftawarta, ya biya, ya jira kwana goma. Fim na gaba ya fito yadda na baya ya fito.

Sai ya koma kan fim. Wani abokinsa ne ya zo masa da shi a jirgi, ya kuma karanta cewa sababbin na'urorin duba kaya na filayen jirgin sama, masu ɗaukar hoton jaka ta kowane ɓangare, suna iya dusashe fim. Gaskiya ne suna yi, amma irin wannan lahani yakan taɓa har gefen fim inda babu hoto, shi kuwa nasa gefen garau yake. Duk da haka ya sayi wani fim mai araha na wani kamfani dabam. A daren da ya sauya fim, a daren ya kaɗa sabuwar dibelofa, don haka da fayau ɗin ya tafi ba mu san wanne ya kore shi ba. Duhun da tsakin suka dawo.

A nan ne ya fara tunanin zafi, amma ta gefe ɗaya. Ya ce tunda ɗakin yana da zafi, bari ya sanyaya dibelofar fiye da ƙima. Wani dare ya jefa ƙanƙara kai tsaye a cikinta. Ƙanƙarar ta narke ta tsinka maganin, lissafin rabi da rabi ya rushe. Wani daren ya sauke ta zuwa digiri 15 a firji, ya wanke, ya zuba sauran ruwan kamar kullum, ya sakar wa tankin famfo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da fim ya bushe, fatarsa gaba ɗaya ta yamutse da ƙananan tsage-tsage, kamar tabon tafki idan rani ya yi nisa. A cikin wannan fim akwai hoton wata gwaggonmu da ta zo Umra daga Gadarif, ba ta kuma sake zuwa ba. Wannan hoton har yau yana yi mini ciwo.

Ya gwada ɗauraya ta ƙarshe da ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, don an ce masa ba shi da gishiri. Ba shi da gishiri, amma yana ɗauke da ƙurar da na'urar ta tara, ta manne a fim ta zama fararen ɗigo a hoto.

Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli ya wanke fim 11, takwas sun lalace.

## Agusta 2023: tsohon mai wanki da littafin rubutu

Mahaifiyarsa ce ta ce, "Je ka gaida abokin babanku, shi yake wanke masa." Dattijon ya yi aiki a wani shagon hoto wajen Bab Makka shekaru masu yawa, yanzu idonsa ya yi rauni. Muka je bayan la'asar da fim ɗin a leda. Bai ɗaga su a haske ba. Ya shafa mai tsagewar da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, da ruwan hazzan ka ɗauraye wannan?"

"Da ruwan famfo, Baba."

"To ai shi ne. Ƙarfe nawa?"

"Bayan magariba."

"Kwano nawa kake aunawa?"

"Na dibelofa."

"Kwano huɗu gare ka, kana auna ɗaya. Mu da asuba muke wanki, ruwan da ya kwana a tulu. Kuma fiksarmu da alif a ciki."

Wanda bai zauna Jidda ba sai an yi masa bayani. Ruwan garin na teku ne da aka cire wa gishiri, yawancinsa daga Shu'aiba, kudu da birnin. Yakan shiga tankin ƙasa, injin ya tura shi hazzan, tankin da ke saman gida, ya wuni rana na dukansa. Da rani mutane kan tari ruwan wanka a bokiti su bar shi ya huce. Kowa ya san haka, shi ma ya sani, bai dai taɓa haɗa wannan sani da fim ba.

Maganar alif ma gaskiya ce. Fiksar da mai taurara fim tana ɗauke da gishirin alif, wanda ke sa jelatin ya yi tauri ya jure zafi da ƙarzuwa. Ilford Rapid Fixer da yake amfani da ita ba ta da wannan. Dattijon ya hana shi zuba alif ɗin kasuwa a ciki, ya ce sai dai ya ɓata maganin.

A daren ya sayi littafin rubutu, ya yi mako guda bai wanke komai ba, aunawa kawai yake. Ruwan famfo bayan magariba: tsakanin digiri 36 da 39. Da asuba: 31 zuwa 32. Ɗakin ajiya: 33 zuwa 34. Sannan ya yi gwajin da ya fi kowanne amfani: ya zuba ruwa mai digiri 20 a tanki babu fim, ya riƙa juya shi da hannu kamar yana wanki, bayan minti 13 ya auna, 26. Ya ɗauko tsohuwar kwalbar dibelofar da ta ba da fim fayau, ashe tun Maris take rabi a wannan ɗaki, ruwan ya koma launin shayi.

## Satumba da Oktoba 2023: tsarin kula

Abin da ya tsara ba shi da tsada. Ya ɗauko kular da suke zuwa bakin teku da ita, ya zuba ruwa kamar lita 10, ya saka robobin ruwa daskararru har ma'auni ya tsaya a 24, ya cire su. A ciki yake jera komai: dibelofa, ruwan tsayarwa, fiksa, da robobi huɗu na ruwan ɗauraya, rabin lita kowacce. Sai su yi rabin awa. Tankin ma a cikin kular yake zama, ba ya ɗaga shi sai zai juya.

Ya bar 20 ya koma 24 da gangan. Kodak da Ilford duk suna ba da lissafin wanki a wannan zafi, kuma riƙe 24 a Jidda ya fi riƙe 20 sauƙi nesa ba kusa ba. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana rage lokacin da kusan kashi 10 cikin 100, don haka minti 13 ya koma kusan minti 9. Wannan yana da kyau, domin wankin da bai kai minti 5 ba yakan fito da dabbare-dabbare, maganin bai samu ya ratsa ko'ina daidai ba.

Ɗauraya ya daina sakin famfo. Ya bi hanyar da Ilford ta daɗe tana koyarwa: a cika tanki a kifa shi sau 5 a zubar, a sake cikawa a kifa sau 10, a sake a kifa sau 20. Lita ɗaya da rabi ta isa, shi yana ƙara zagaye na huɗu don hankalinsa ya kwanta. A ƙarshe sai tataccen ruwan kantin magani da ɗan Ilfotol, kashi 1 cikin 200, don ruwan ya zame bai bar tabo ba.

Naɗa fim ya koma yi a ɗakin kwana, mukayyif a kunne, bayan ya busar da faifan da na'urar busar gashi. Jelatin yana shan laima ya yi danƙo, faifan roba kuma ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi ya daina karɓar fim. Tabon jinjirin wata lanƙwasa ce ta tura fim da ƙarfi. Dibelofa kuma idan ya kaɗa sai ya raba ta ƙananan kwalabe, kowacce a cike har wuya, ya rubuta kwanan wata, ya ajiye a ɗaki mai sanyi. Fiksa yakan gwada ta da guntun fim: ya ga daƙiƙa nawa take ɗauka ta wanke shi garau, ya ninka lokacin biyu, ranar da lokacin ya ninka na sabuwa sai ya tsiyaye ta a jarka, ba ya zuba ta a magudana saboda azurfar da ta sha.

Fim shida a waɗannan watanni biyu, shida lafiya.

## Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: bugawa a takarda

Ya samu injin faɗaɗa hoto na hannu a haraj, kasuwar gwanjo. Bugun farko ya fito da kusurwoyi huɗu farare, domin gilashin da ya zo da injin mai milimita 50 ne, na ƙaramin fim. Nagetif mai 6 da 6 yana son 75 ko 80. Ya sauya.

Sai takardun suka riƙa fitowa da fari mai datti, kamar rigar da ta sha wanki da ruwan rijiya. Wannan karon bai sauya komai ba sai da ya gwada. Ya ɗan haska takarda a ƙarƙashin injin, ya aza mata kwabon riyal, ya bar ta minti 5 a ƙarƙashin jar fitilar da ya saya a shagon kayan wuta, ya wanke. Da'irar kwabon ta fito fara sol a tsakiyar toka. Takardar hoto ba ta jin jan haske, shi ya sa ake aiki da jar fitila, amma ja a ido ba shi ne ja a wurin takarda ba. Ƙwan yana fitar da wani hasken da takarda ke ji. Ya sayi fitilar ɗakin duhu ta ainihi, ya rataye ta nesa da kwanonin fiye da mita 1.2, ya maimaita gwajin, da'ira ba ta fito ba.

Takardar Ilford Multigrade ce mai rufin roba, dibelofarta kashi 1 da ruwa 9, minti guda a kwano. Nagetif ɗin marigayin na rana tsaka ne, inuwa da haske sun yi hannun riga, don haka yawancinsu sai da tacewa, wato leda mai launi da ake saka wa injin don daidaita kaifin baƙi da fari, mai lamba 1 ko 1 da rabi maimakon 2 da aka saba. Fuskokin mutanenmu baƙaƙe a ƙarƙashin fararen hula da mayafi su ne aiki: sai ya kare fuskar da inuwar hannunsa na wasu daƙiƙu, ya ƙara wa hular haske, kafin duka biyun su fito da zane.

A nan ne ya sake buɗe gwangwanin. Warin ya ninka. Ledar irin wannan fim ta asitet ce, idan zafi da laima suka daɗe a kanta sai ta fara ruɓewa tana fitar da tsamin binega, tsamin kuma yana hanzarta ruɓar, ya kama na kusa. Rufaffen gwangwani a ɗaki mai digiri 33 shi ne mafi munin wurin da za a ajiye ta. Nagetif 37 sun riga sun motse, fatarsu ta tattare ta yi hanyoyi, ba sa buguwa. Ya ware su, ya fitar da sauran ya shanya su sha iska, ya saka su a rigunan takarda marasa tsami, ya mayar ɗaki mai mukayyif. Ya ɗauki kowanne a kwamfuta kafin ya ci gaba.

## Mayu zuwa Agusta 2024: rani na biyu, da dalilan

Ranin 2024 shi ne gwajin gaske, tunda nasarar da ta gabata ana iya cewa sanyin gari ne ya kawo ta. Daga Mayu zuwa Agusta ya wanke fim 14. Ɗaya ne ya samu matsala, shi ma ƙura ce wurin shanya.

Dalilan lalacewar 2023 uku ne, kowanne da alamarsa. Duhu da babban tsaki: dibelofar da aka zuba a 20 tana ƙarewa a 26, fim yana dahuwa fiye da ƙima. Fayau: tsohuwar dibelofa a kwalba rabi, iska da zafi sun kashe ta. Tsagewa: jelatin da ya sha ruwa mai sanyi ya gamu da mai digiri 38 nan take, ya kumbura ya tattare. Takardar Ilford ta ce a riƙe ruwan ɗauraya kada ya yi nisa da na wanki fiye da digiri 5; a Disamba tazararsa tana cikin wannan iyaka ba da saninsa ba, a Yuli ta haura 20. Alamomin sun ruɗe mu ne don sun zo a cakuɗe, mu kuma muna neman mai laifi ɗaya.

A ganina kuɗin gyaran kyamara da na sabon fim asara ce da mako guda na aunawa zai hana, kuma sauya abu biyu a dare ɗaya ya ci masa lokaci fiye da zafin kansa. Ba na ganin laifin lambar 20 da ke jikin takarda. An rubuta ta ne a inda ruwan famfo yake fitowa da sanyi, aikin mai wanki a Jidda ne ya auna nasa.

Inda na fi ganin kuskure, kuma da ni a ciki tunda ina ɗakin, shi ne jerin aikin. Fim ɗin da ya lalace a Yuli yawancinsa ana iya komawa Balad a sake ɗauka. Gwangwanin ba shi da madadi, kuma shi muka bari a kan kanta shekara guda muna fama da tanki. Da ranar da ya ji warin ya tambayi dattijon, da wataƙila wasu daga cikin 37 ɗin sun tsira.

Zuwa ƙarshen Agusta 2024 ya buga 152 daga cikin 393 da suka rage. Duk ranar Juma'a bayan la'asar yakan kai wa mahaifiyarsa na makon, ta sa tabarau ta faɗi sunan wanda ta gane da ƙofar gidan da aka ɗauka, shi kuma ya rubuta a baya. Waɗanda ba ta gane ba, 19 ne zuwa yanzu, suna cikin ambulan za a kai wa dattijon Bab Makka, jikarsa ta riƙa kwatanta masa abin da ke ciki.